Ƙarambau Ba Ya Barin Jiki: Alaƙarsa Da Ɗamarar Wuta Da Shanyewar Ɓarin Jiki

A gabashin Sudan, cikin jihar Gadarif, kusa da garin Doka kuma ba nisa da iyakar Habasha, akwai wani wuri da ake kira Ummu Rakuba. A Larabcin mutanen Sudan, rakuba ita ce rumfar da ake kafawa da itace da kara don a sami inuwa, wato sunan yana nufin "mai rumfa". An taɓa tsugunar da 'yan gudun hijirar Habasha a nan a shekarun 1980, zamanin babbar yunwa, daga baya aka rufe sansanin. Da yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray a watan Nuwamba na 2020, dubban mutane suka tsallako iyaka ta Hamdayet, aka sake buɗe shi. Cikin 'yan watanni ya ɗauki mutum kusan 20,000, har sai da aka buɗe wani sansanin a Tunaidba a farkon 2021. Sa'annan yaƙin Sudan ɗin kanta ya tashi a Afrilun 2023, mutanen Khartum da na Wad Madani da na Sinja suka kwararo Gadarif, aka cika makarantu da su.

Wannan jiha ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, 'yan uwanmu suka zauna a can, suna noman dawa da riɗi, jikokinsu kuma suna nan har gobe. Mun fara da ambaton wurin ne domin abubuwa uku sun haɗu a cikinsa: cunkoson jama'a a ɗaki ɗaya, raunin jiki saboda yunwa da tsufa da tashin hankali, da nisan babban asibiti. Waɗannan ukun su ne abin da cutar da za mu yi bayani take buƙata don ta yi ɓarna. Wanda kuwa ya san tsangayunmu, da makarantun kwana, da sansanonin da ke Maiduguri ko Diffa, ya san ba sai an je Sudan ba kafin a ga irin wannan hali.

Cutar ita ce ƙarambau, wanda wasu ke cewa farankama, mutanen Sudan kuma suna ce masa burjum. Kowa ya san shi: ɗan zazzaɓi, sai ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi su feso a ƙirji da baya da fuska, bayan mako guda ko kwana goma su bushe, yaro ya koma wasansa. Iyaye mata sukan ce gara ya yi ya huta, tunda ba ya maimaitawa. Rabin wannan magana gaskiya ne. Da wuya mutum ya sake yin ƙarambau, amma ƙwayar da ta jawo shi ba ta fita daga jiki, tana nan tare da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin mu ci gaba akwai wata kalma da ya kamata mu warware, don Hausa ta haɗa abu biyu a suna ɗaya. Muna cewa jijiya ga hanyar da jini ke bi, muna kuma cewa jijiya ga zaren da ke kai saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A nan za mu riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo, ɗalibi ya riƙe wannan bambanci, domin mas'alar gaba ɗaya a kansa take tsaye. Lokacin da ƙurajen ƙarambau suke jikin yaro, ƙwayar takan shiga jijiyoyin saƙo, ta je ta laɓe a tushensu, a wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke jere a gefen ƙashin baya da kuma cikin ƙoƙon kai. Garkuwar jiki ce ke danne ta a can. Tana iya yin shekara 40 ko 60 ba ta motsa ba. Ranar da garkuwa ta yi sanyi, saboda tsufa, ko ciwon suga, ko kansa da magungunanta, ko ƙanjamau, ko doguwar wahala, sai ta farka, ta biyo jijiyar saƙo guda ɗaya ta fito fata.

Abin da ke fitowa a karo na biyun nan bai yi kama da ƙarambau ba, shi ya sa mutane ba sa haɗa su. Yakan fara da zugi ko raɗaɗi kamar ƙuna a wuri ɗaya, kwana biyu ko uku ba a ga komai a fata ba, har wani ya ɗauka ciwon zuciya ne ko na ƙoda. Sai ƙuraje masu ruwa su fito a jere, a ɓari ɗaya na jiki kawai, galibi daga baya su zagayo zuwa ƙirji ko ciki, su tsaya cak a tsakiya ba su tsallaka ɗaya ɓarin ba. Larabawa suna kiransa alhizamun nari, wato ɗamarar wuta, kuma sunan da likitoci suke ba shi, zosta, kalmar Girkanci ce mai ma'anar ɗamara. Da wannan suna za mu kira shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku zai gamu da ita a rayuwarsa, kuma tana ƙaruwa sosai bayan shekara 50. Wasu, bayan ƙurajen sun warke, raɗaɗin yakan zauna musu watanni, har riga ba sa son ta taɓa wurin.

An daɗe kafin a gane cewa cuta ɗaya ce mai fuska biyu. Abubakar Ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, shi ya rubuta littafin da ya rarrabe agana da ƙyanda, amma ƙarambau ya ci gaba da shiga rigar agana har 1767, lokacin da wani likitan Ingila, William Heberden, ya nuna cewa daban yake. A 1888 wani likitan yara a Budapest, Bokay, ya lura yara suna yin ƙarambau bayan sun zauna da babba mai ɗamarar wuta. A shekarun 1950 Thomas Weller a Amurka ya raino ƙwayar daga ƙurajen cututtukan biyu, aka ga iri ɗaya ce. Wanda ya fi burge mu a cikinsu shi ne Edgar Hope-Simpson, likitan wani ƙaramin gari a Ingila, wanda ba shi da babban ɗakin bincike, sai haƙuri da alƙalami. Shekara 16 ya yi yana rubuta duk wanda ya zo masa da wannan ciwo, a 1965 ya fitar da bayanin cewa ƙwayar kwanciya take yi ta sake tashi idan garkuwa ta ragu. A kan maganarsa ake har yau.

To, ina alaƙar wannan da shanyewar ɓarin jiki?

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai jijiyar jini ta toshe, wanda shi ne ya fi yawa, ko kuma ta fashe. Akwai wata babbar jijiyar saƙo a kowane ɓari na fuska mai rassa uku: ɗaya na goshi da ido, ɗaya na kunci, ɗaya na haɓa. Tushenta yana cikin wuraren da ƙwayar ƙarambau ta fi son laɓewa. Shi reshen goshi da ido, ban da fata, yana aika 'yan zarurruka zuwa bangon manyan jijiyoyin jini da ke shayar da ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar ta farka a wannan tushe, hanya biyu ke gabanta: ta waje zuwa goshi, inda kowa zai gan ta, da ta ciki zuwa bangon jijiyar jini, inda ba mai ganinta. A can takan jawo kumburi, bangon ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke, gudan jini ya samu wurin maƙalewa. Wani lokaci kuma bangon rauni yake yi har ya fashe. Masu bincike a jami'ar Kolorado ta Amurka, Don Gilden da Maria Nagel, sun shafe shekaru a kan wannan, kuma an ga ƙwayar kanta a cikin bangon jijiyoyin jinin waɗanda abin ya sama. Ban da wannan, kumburin da ciwon ke tayarwa a jiki gaba ɗaya yana sa jini saurin daskarewa, shi ya sa ko wanda ɗamarar ta fito masa a ƙirji haɗarinsa yakan ɗan ƙaru.

Akwai wani abu a nan da yake rikita iyali. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin hagu na jiki, na hagu kuma yana juya na dama. Saboda haka dattijon da ƙuraje suka fito masa a goshin dama, hannunsa da ƙafarsa na hagu ne za su mutu. Kuma ba a ranar ba: bayan makonni, wani lokaci watanni, sa'ad da ƙurajen sun bushe, an yi barka, an manta. Wa zai haɗa tabon da ke goshin dama da hannun hagu da ya saki buta wata biyu bayan nan? Sai a shiga neman dalili a wani wuri, a ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa.

Ga abin da ƙididdiga ta nuna. A 2009 masu bincike a Taiwan suka bi mutum 7,760 da suka yi ɗamarar wuta har shekara guda, suka ga shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan an gwada da waɗanda ba su yi ba. Waɗanda kuwa ta fito musu a ido, haɗarinsu ya ninka fiye da sau huɗu. A 2014 Sinead Langan da abokan aikinta a Landan suka yi wani bincike mai dabara. Maimakon su gwada wani da wani, sai suka ɗauki mutum 6,584 da suka gamu da cututtukan biyu, suka gwada kowane mutum da kansa, watau lokacin da ya biyo bayan ɗamarar da sauran lokutan rayuwarsa. Fa'idar wannan ita ce ba za a ce ai dama waɗannan sun fi waɗancan rashin lafiya ba. Suka samu haɗarin ya ƙaru da kashi 63 cikin ɗari a makonni huɗu na farko, kashi 42 daga mako na 5 zuwa na 12, kashi 23 daga na 13 zuwa na 26, daga nan ya lafa. Ga masu ta ido, ya ninka fiye da sau uku a tsakanin mako na 5 da na 12. Sun kuma lura cewa waɗanda aka ba maganin ƙwayar haɗarinsu bai kai na waɗanda ba a ba ba. A 2015 wani bincike a kan tsofaffin Amurka ya nuna toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ta ninka fiye da sau biyu a makon farko, bugun zuciya ma ya ƙaru. Wani kuma na 2022, wanda ya bi ma'aikatan lafiya kusan 200,000, ya nuna ragowar haɗarin tana iya jan shekaru.

Sai dai mai karatu ya fahimci lissafin yadda yake, kada tsoro ya wuce gona da iri. Ƙarin kashi 63 cikin ɗari ba ya nufin mutum 63 cikin ɗari za su shanye. Ma'anarsa ita ce, a ce a cikin wata jama'a mutum 10 ne abin zai sama a wata guda, to idan dukansu sun yi ɗamarar wuta sai ya zama wajen 16. Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da komai ya taɓa ƙwaƙwalwarsu ba. Kuma babban mai kayar da mutanenmu har yanzu hawan jini ne. Binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka fitar a 2018 a kan marasa lafiya fiye da 2,000, ya ɗora alhakin kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a kan hawan jini. Abin da muke so a gane shi ne yadda biyun suke haɗuwa. Dattijo mai hawan jinin da bai taɓa aunawa ba, ko wanda gudun hijira ya raba shi da maganinsa, jijiyoyinsa sun riga sun gaji. Ɗamarar wuta sai ta zo ta same shi a bakin rami. A wurinmu, duk wanda ya haura 50 ya yi wannan ciwo, a auna jininsa da sugansa a wannan makon, ko da yana jin garau.

Yara ma ba su fita ba, kuma nasu daga ƙarambau ɗin kansa yake zuwa. Likitoci a Toronto ta Kanada sun ba da rahoto a 2001 cewa kusan ɗaya cikin uku na yaran da jijiyar ƙwaƙwalwarsu ta toshe sun yi ƙarambau a cikin shekarar da ta gabata, alhali a sauran yara bai kai ɗaya cikin goma ba. Wani binciken Birtaniya na 2014 ya ga haɗarin yana ninkawa kusan sau huɗu a watanni shida na farko. Duk da haka abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, an ƙiyasta yaro ɗaya cikin 15,000. A ƙasarmu babban dalilin shanyewar jikin yara shi ne sikila, saboda haka iyayen mai sikila su fi kowa sa ido. Wani tanbihi kuma: kada a ba yaro mai ƙarambau asfirin don zazzaɓi, yana iya jawo wata mummunar cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Farasitamol ya wadatar. A yanke masa farce, a riƙa yi masa wanka, don ƙurajen da aka sosa da datti su ne ke zama gyambo.

Mu koma rumfunan Gadarif, mu ga dalilin da ya sa wuri irin wannan ya fi shiga haɗari. A ƙasashe masu sanyi, kafin zuwan rigakafi, kusan kowa yakan yi ƙarambau tun yana yaro. A ƙasashe masu zafi, musamman a karkara inda gidaje ke warwatse, mutane da yawa sukan girma ba su taɓa yi ba. Idan aka kwaso irin waɗannan aka zuba su a tanti ɗaya, ga ƙwayar tana bin iska, ga mai ita yana yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su bayyana, ga kuma tana ɗaukar kwana 10 zuwa 21 kafin ta nuna a jikin wanda ya kama, sai ta ci sansani kafin a farga. Haka ya faru a sansanonin 'yan Rohingya da ke Bangaladash daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, inda dubun dubatar mutane suka kamu. Ƙarambau a jikin babba kuwa ya fi tsanani, yana iya sauka a huhu, kuma yana da haɗari ga mai ciki da jaririn da aka haifa. Tushen ɓarkewar ma yana iya zama kaka ɗaya mai ɗamarar wuta: ruwan ƙurajenta ba ya sa wa wani ɗamara, amma yana sa ƙarambau ga jikan da bai taɓa yi ba. Don haka a rufe ƙurajen da tsumma mai tsabta har su bushe.

Akwai kuma rikicin kamanni. A 2022 an ba da rahoton ƙyandar biri a sansanonin Gadarif, ita ma ƙuraje ce masu ruwa, kuma ko ma'aikatan lafiya sukan buƙaci gwaji kafin su rarrabe. A galibi ƙarambau ya fi yawa a gangar jiki, kuma za ka ga sabon ƙurji da mai ruwa da busasshe duk a lokaci ɗaya, ita kuwa ƙyandar biri takan zo da kaluluwa. Ba aikin mai gida ba ne ya yanke hukunci, aikinsa ya kai a duba. Sa'annan ƙasar Gadarif baƙar laka ce, idan damina ta sauka mota takan kafe, tafiyar da ake yi a sa'o'i kaɗan ta zama ta yini. Wannan yana da muhimmanci saboda cututtukan nan biyu kowacce tana da agogonta.

Agogon ɗamarar wuta kwana uku ne. Akwai magani mai suna asaiklobir, da ɗan uwansa balasaiklobir, masu hana ƙwayar hayayyafa, kuma sun fi aiki idan an fara su cikin sa'o'i 72 da fitowar ƙuraje. Asaiklobir tsohon magani ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada sosai. Abin takaici, kwana ukun nan su ne ake ɓatarwa wajen shafa toka da man shanu da sassaƙe, sai ido ya kumbura a nufi asibiti. Idan ƙuraje sun fito a goshi, ko fatar ido, ko kan karan hanci, ba a kwana da su a gida: ido yana cikin haɗarin makancewa, kuma wannan ne nau'in da ya fi kusa da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Asaiklobir sau biyar ake shan sa a yini har mako guda, saboda haka tambayar azumi takan taso. Marar lafiya yana da rangwamen ya sha ya rama, kuma wanda likita ya ce masa jinkiri zai cuci idonsa bai kamata ya jira Magariba ba. Haka alwala: malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi, da taimama idan ruwa zai cutar.

Game da jam'i da makaranta, mai ƙarambau ya zauna a gida har duk ƙurajensa su yi ɓawo. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Idan an yi haka a ɗawafi, to sahun unguwa da ajin Islamiyya sun fi cancanta. Malamin tsangaya da ya ga almajiri ɗaya ya feso, ya ware masa wurin kwana, ya kuma sa ido a kan sauran har mako uku. Wani abin kuma da muke so a kiyaye shi ne harshe. Gaskiya ne idan ɗamarar wuta ta fito wa matashi, likita yakan ba shi shawarar gwajin ƙanjamau da na suga, kuma shawara ce mai kyau, ya karɓa. Amma matasa da yawa suna yin ta ba tare da ɗayan biyun ba, bai halatta maƙwabta su mayar da ƙurjin mutum hujjar zargi ba.

Agogon shanyewar ɓarin jiki kuwa sa'o'i ne. Alamominta suna zuwa farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa na ɓari ɗaya ya saki, magana ta sarƙe ko mutum ya kasa gane abin da ake faɗa masa, gani ya dushe, ko ciwon kai mai tsananin da bai taɓa jin irinsa ba. Ka ce ya yi murmushi, ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ce ya maimaita gajeriyar magana; in ɗaya ta gagara, a nemi mota. Ko da alamar ta zo ta wuce cikin 'yan mintoci, gargaɗi ce, a tafi. Inda ake da kayan aiki, maganin narkar da gudan jini cikin sa'o'i huɗu da rabi ake ba da shi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Wannan ne ya sa ba a ba mutum asfirin a gida da ka: in fashewa ce, ƙara zubar jinin zai yi. Inda babu na'urar ma zuwa da wuri yana da amfani, don za a kula da numfashinsa da jininsa da sugansa.

A nan wajibi ne mu yi wa junanmu magana a fili, mu malamai, domin sau da yawa mu ake fara kira kafin direba. Addu'a da ruƙya ba sa hana tafiya asibiti, ana iya yin su a cikin mota. Abin da ke kashe mutane shi ne a kwantar da marar lafiya yini biyu ana jiran aljani ya yi magana, da kuma ɗura masa ruwan tofi ko rubutu ko kunu alhali maƙogwaronsa ya shanye tare da hannunsa. Ruwan huhu yake tafiya, bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, a ce ciwon ne ya yi tsanani. Kada a sa masa komai a baki har sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. A kwantar da shi a gefe guda, a lura da lokacin da abin ya fara. Wani lokaci ɗamarar wuta takan fito a kunne ta karkatar da fuska ba tare da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba, amma rarrabe wannan da wancan na likita ne, duk fuskar da ta karkace asibiti za ta.

Rigakafi akwai shi, sai dai bai iso ga talakanmu ba. Michiaki Takahashi na Japan ya samar da na ƙarambau a 1974, Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995. Ba ya cikin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a Najeriya da Nijar da Sudan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe kada su fara sai za su iya kaiwa ga aƙalla kashi 80 cikin ɗari na yara, don in aka yi rabi da rabi cutar takan koma kan manya, inda ta fi muni. Na ɗamarar wuta, mai suna Shingrix, ya fito a 2017, allura biyu ne ga wanda ya kai 50, kuma kariyarsa ta haura kashi 90 cikin ɗari. Wani babban bincike daga Koriya ta Kudu a 2025, a kan mutum fiye da miliyan ɗaya da aka bi, ya ga cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun ragu da kusan kashi 23 cikin ɗari ga waɗanda suka karɓi tsohon nau'in rigakafin. Mai hali da ke zuwa Umara ko ganin likita a waje, ya tambaya, ya kuma tambaya wa iyayensa.

Wanda ba shi da wannan hali, a Ummu Rakuba yake ko a ƙauyen Katsina, akwai abin da ba ya cin kuɗi. A rubuta ranar da ƙurajen suka fito da ɓarin da suka fito, a bayan katin asibiti ko a bangon littafi, yaro ne ko babba, a ajiye har wata shida. Idan a cikin wannan lokaci aka ga ɗaya daga alamomin can, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya cewa wata kaza da suka wuce ya yi ƙarambau, ko ɗamarar wuta ta fito masa a goshi. Wannan magana tana iya canza maganin da za a ba shi, domin idan likita ya yi zaton ƙwayar ce ta kama jijiyar jini, akwai gwajin ruwan ƙashin baya da ke nuna ta, kuma akan ba da asaiklobir ta jijiya har wajen mako biyu, abin da ba a yi wa wanda hawan jini kaɗai ya kayar.